Babi na Uku: Randa Ma Gumi Take Yi

A gidanmu na Tsanyawa, gindin darbejiyar da ke tsakar gida, akwai randuna biyu da aka kafa cikin yashi. Ɗaya tsohuwa ce, baƙa, bayanta ya yi sulɓi saboda shekaru da shafar hannu. Ɗayar sabuwa ce, ja, Gwaggo ta sayo ta ranar kasuwa bayan ta ƙwanƙwasa randuna kusan goma tana kara kunne. Mu yara ba wanda ya koya mana, amma duk wanda ya dawo daga kiwo ko daga makarantar allo da rana tsaka, faifan sabuwar yake ɗagawa. Ruwanta har haƙori yake kamawa. Tsohuwar an bar wa masu alwala da wanke-wanke.

Wata bazara sai wani yayanmu ya dawo daga Kano da wayewarsa ta birni. Ya ga bayan sabuwar randa kullum a jiƙe, yashin gindinta ya yi danshi har kaji na tonawa su kwanta, ya ce an cuci Gwaggo, an sayar mata da mai yoyo. Bai yi shawara da kowa ba. Ya samo ragowar fentin da aka shafa wa ƙofar zaure, ya juye ruwan, ya bar randa ta bushe, ya shafe ta tas da shuɗi.

"Gwaggo, zo ki gani. Na gyara miki ita, yanzu ko ɗigo ba za ta zubar ba."

Gwaggo ta fito daga madafi, ta tsaya ta riƙe haɓa. "Kai ɗan nan, ai kashe ta ka yi. Randar da ba ta tsattsafo, me ya raba ta da bokiti?"

Washegari da azahar muka ɗaga faifai, muka zura moɗa, sai ga ruwa ɗumi-ɗumi kamar wanda aka sirka wa jariri. A ƙarshe dusar awaki aka riƙa zubawa a cikinta.

Na daɗe ina juya wannan abu a raina. An ɗebo ruwa a rijiya an zuba a randa. Iskar tsakar gida ta kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, ƙasa ta yi zafin da ba a taka ta ba takalmi, ba wutar lantarki, ba ƙanƙara, amma ruwan ya fi duk abin da ke kewaye da shi sanyi. Daga ina? In ka tambayi mutane, yawancinsu za su ce ai ƙasa ce, ƙasa sanyi gare ta. To, tandar waina ma ƙasa ce. Randar da yayanmu ya shafa wa fenti ma ba ta daina zama ƙasa ba, ƙofofinta kawai aka toshe.

Ƙofofin nan a wajen gini da gashi ake samun su. Maginiya takan kwaɓa yumɓu, wasu su haɗa da ƙaiƙayi ko dakakken tsingaro, in tukwane sun bushe a jera su a lulluɓe da kara da itace da kashin shanu a cinna wuta. Wutar fili ba ta yin ƙarfin da zai narkar da yumɓu ya haɗe kamar tangaran, don haka jikin randa yakan fito da ramuka ƙanana birjik waɗanda ido ba ya gani. Ta nan ruwa ke bi a hankali ya fito baya. Shi ne tsattsafon da Gwaggo ke faɗa. Tsohuwar randa kuwa, shekaru sun cika ramukanta da gishirin ruwa da laka da gansakuka da maiƙon hannu, ta yi wa kanta fenti.

Saura a ga yadda jiƙewar baya ke sanyaya ciki. Ɗigon ruwa guda, irin wanda ke maƙalewa a bakin buta, taron ƙwayoyi ne ƙanana, yawansu ya ninka yawan mutanen duniya fiye da sau biliyan 100. Ba sa zama wuri ɗaya, kullum cikin kai-kawo da ture-ture suke, kuma wannan motsi nasu shi muke ji a fata mu ce zafi. In motsin ya ƙaru ruwa ya yi zafi, in ya lafa ruwa ya yi sanyi. Sai dai ba gudu ɗaya suke yi ba: a kowane lokaci akwai masu zafin nama, akwai masu sanyin jiki.

Wanda ya san ƙauyukanmu bayan kaka ya riga ya san sauran labarin. An yanke gero, dawa ta shiga rumbu, an gama roron wake da gyaɗa. Sai samari majiya ƙarfi su rataya jaka su tsaya bakin titin Kano zuwa Katsina, wani ya nufi Kano, wani Abuja, wani Legas, cin rani. A bar gari da tsofaffi da mata da yara. Dandali ya mutu, gari ya yi tsit. Ba wanda ya shigo da shirun nan, masu hayaniyar ne suka tafi. Haka abin yake a bayan randa. Ƙwayoyin da suka fi kowa gudu su ne ke iya fizgewa daga 'yan'uwansu su bi iska, su zama tururin da ba a gani, kuma kowace ta tafi da kuzarinta take tafiya. Waɗanda suka rage masu sanyin jiki ne, sai bayan randa ya yi sanyi. Zafin ruwan ciki ya ratso bango ya fito don ya cike gurbi, wasu ƙwayoyin su sake kwasa su tafi. Haka dare da rana, muddin randa na jiƙe.

Guzurin da suke tafiya da shi ba kaɗan ba ne, kuma duk macen da ta taɓa ɗora sanwa shaida ce. Tukunya ba ta daɗewa take tafasa, amma in aka manta da ita a kan murhu, kafin ruwan ya ƙone ƙurmus sai an ci itace mai yawa. Duk tsawon lokacin nan wuta na ci, ruwan kuwa ba ya wuce digiri 100. Ina zafin ke zuwa? Wani malamin jami'ar Gilasgo a ƙasar Sikotilan, Joseph Black, ya bi diddigin wannan tambaya a farkon shekarun 1760, ya gano cewa zafin yana shiga tururi ne ya ɓuya, har ya raɗa masa suna ɓoyayyen zafi. Zafin da ake buƙata a mayar da lita ɗaya ta tafasasshen ruwa tururi ya ninka fiye da sau 5 wanda ake buƙata a ɗauko litar nan daga sanyin ƙanƙara a kai ta tafasa. A lissafa da randa mai cin lita 20: in kofin shayi guda, wato mililita 200, ya bushe daga bayanta, zafin da ya kwashe ya isa ya sauke ruwan duka da kusan digiri 6, in da wani zafin ba ya shigowa daga waje. Kofi guda ke nan. Abin da yayanmu ya ga kamar asara, kuɗin sanyi ne, kuma a ganina ba a taɓa sayen sanyi da araha irin wannan ba.

Sifaniyawa ma suna da tulun ƙasa mai tsattsafo da suke kira botiho, har wasu malamai biyu na jami'ar fasaha ta Madrid, Gabriel Pinto da José Ignacio Zubizarreta, suka auna aikinsa suka wallafa lissafin a 1995. Sun zuba ruwa lita 3.2 mai zafin digiri 39, suka ajiye tulun a wuri mai zafin digiri 39. Cikin awa 7 ruwan ya sauka zuwa digiri 24.

Tafiya kuwa sai da hanya. In tururin da ya fito ya tsaya ya yi cunkoso a jikin randa, na bayansa ba sa samun wurin fita. Shi ya sa ba a kulle randa a ƙuryar ɗaki, sai a inuwa inda iska ke wucewa: inuwa ta hana rana ƙara mata zafi, iska ta yi ta kwashe tururi. Mai shayi da ke sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi, uwa da ke fifita wa yaro koko da ludayi, mutumin da ya idar da alwala iska ta buso ya ji daɗi a fuska, sifirit da ake goga wa mutum kafin allura ya ji wurin ya yi sanyi, duk sana'a ɗaya suke yi da randa.

Amma iska ma tana ƙoshi. Akwai iyakar danshin da za ta iya ɗauka, kuma a ƙasarmu shekara ta rabu gida biyu a kan wannan. Daga hunturu zuwa farkon bazara iskar arewa maso gabas ce ke busowa daga Sahara, busasshiya, mai ƙishirwa. Ita ke tsaga leɓe, ta kawo faso, ta busar da shanya kafin a gama wanke sauran kaya. A watan Maris da rana, danshin iskar Kano yakan sauka zuwa kashi 15 cikin 100 na abin da za ta iya ɗauka, wani lokaci ƙasa da haka. A irin wannan rana, ko da zafi ya kai digiri 40, abu mai jiƙe da iska ke kaɗawa yana iya sauka zuwa wajen digiri 21. Wannan ita ce iyaka, randa ba ta cika taɓa ta ba, amma tana doso ta. In marka ta kankama a watan Agusta, sai lissafi ya juye. Zafi digiri 30 ne kawai, amma danshi ya kai kashi 80, iyakar ta koma wajen digiri 27. 'Yan cin rani sun dawo gida: kusan duk ƙwayar da ta bar bayan randa, wata daga iska ta sauka ta maye gurbinta da nata guzurin. Shanya ta kwana biyu a igiya tana warin danshi, randa tana jiƙe sharkaf amma ruwanta salam.

Yanzu mai karatu ya taɓa goshinsa. Jikin ɗan Adam yana son zama a digiri 37, kuma shi kansa murhu ne, ko a kwance yake yana haifar da zafi, balle in ya sunkuya da fartanya. In iska ta fi jiki sanyi, zafin kan fita da kansa. In ta kai 40 kuwa, zafi shigowa yake yi, hanyar fita guda ce ta rage. A fatar mutum akwai 'yan maɓuɓɓugan gumi tsakanin miliyan 2 zuwa 4, kuma mai aikin ƙarfi a rana yana iya fitar da lita ɗaya ko fiye cikin awa guda. Jini ya kwaso zafi daga ciki ya kawo fata, gumi ya bushe ya tafi da shi.

Ga wani abu da manoma suka sani a jikinsu. A bazara, lokacin sharar gona da kai taki, mutum zai yini a rana bai ga gumi sosai ba, sai da yamma ya cire riga ya ga farin zane na gishiri a baya da hammata. Gumin ya fita, iska ta shanye shi nan take, ya yi aikinsa. A lokacin maimai kuwa, bayan an kwana ana ruwa rana ta buɗe, riga za ta jiƙe har a matse ta, gumi na ɗiga ta haɓa, mutum yana jin kamar an rufe shi a tukunya, alhali ma'aunin zafi bai kai na bazara ba. Gumin da ya ɗiga ƙasa bai tafi da kome ba sai ruwan jiki da gishiri. Wanda ya bushe a fata ne kaɗai ke sanyaya mutum.

Wani likitan Ingila, Charles Blagden, ya gwada wannan a kansa a Landan a 1775. Shi da abokansa suka shiga ɗakin da aka hura wa wuta har busasshiyar iskarsa ta wuce digiri 120, suka yi mintuna a ciki. Ƙwai da naman da suka shiga da su suka dahu, su kuwa suka fito zafin jikinsu bai wani sauya ba. Nama ba ya gumi. Ban ce kowa ya gwada ba.

Dabbobi kowa da dabararsa. Kare ba shi da gumin kirki a jiki, sai ya zaro harshe ya yi ta haki, ruwan bakinsa da na maƙogwaro ya bushe. Kaza ta buɗe baki ta saki fukafukai. Ƙudan zuma sukan ɗebo ruwa su yayyafa a cikin amya, su tsaya suna kaɗa fiffike. Darbejiyar gidanmu ma tana jan ruwa daga ƙasa ta sake shi ta ƙofofin ganye, yana daga cikin abin da ya sa inuwarta ta fi ta rumfar kwano daɗi nesa ba kusa ba.

Randa dai in ruwanta ya ƙare, sanyi ya ƙare, haka ma jikin mutum. A ranar 3 ga Afrilu 2024, cikin goman ƙarshe na azumi, an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma zafin waɗancan kwanaki ya yi sanadin mutuwar mutane da dama a yankin Sahel, da yawansu tsofaffi. Tsoho ba ya gumi kamar saurayi, kuma ba ya saurin jin ƙishirwa. In zafin cikin jiki ya haura digiri 40, ƙwaƙwalwa ce ke fara nunawa: mutum ya rikice, ya yi ta sambatu, ko ya faɗi. Abin yi a nan shi ne a mayar da shi randa da hannu. A kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a jiƙa jikinsa da ruwa, a yi ta fifita, a nemi abin hawa zuwa asibiti, kuma kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki. Fanka ita kaɗai a kan busasshiyar fata, in iskar ɗaki ta fi jiki zafi, zuga-zugi ce. Matan da ke jiƙa zane su lulluɓa da daren bazara, ko su yayyafa wa tsakar gida ruwa kafin a shimfiɗa tabarma, sun fi mai sayen babbar fanka fahimtar abin.

Dabarar tsohuwa ce. Salkar Buzaye haka take sanyaya ruwa a bayan raƙumi, direban babbar mota ma yakan naɗe jarka da jiƙaƙƙen buhun algarara ya rataya inda iska ke duka. Wanda ya fitar da ita daga ruwan sha ya kai ta ga kayan miya, har duniya ta ji, maƙwabcinmu ne. Mohammed Bah Abba, wanda aka haifa a 1964 a gidan magina tukwane, malami ne a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse. A shekarun 1990 ya lura da yadda masu lambu ke karyar da kaya don tsoron ruɓewa, da yadda ake ɗora wa 'yan mata talla kullum, makaranta ta wuce su. Sai ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da yashi, ya jiƙa yashin, ya zuba kayan lambu a ta ciki, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan yashi ya tsattsafo ta babbar tukunya ya bushe, ya ja zafi daga ƙaramar. Aikin mai ita shi ne ƙara wa yashi ruwa kamar sau biyu a yini. A gwajinsa, yalon da kan lalace a kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da tattasai suka yi mako 3, alayyahun da ba ya kwana ya kai kwana 12.

Da kuɗin aljihunsa ya sa magina suka yi guda 5,000 na farko ya raba a ƙauyukan Jigawa. Da ya ga bayani da baki ba ya shiga, sai ya shirya wasan kwaikwayo da Hausa, aka ɗauka a bidiyo, ana kafa farin ƙyalle da janareta a dandali da dare ana haska wa mutane. A 2000 ya sami kyautar Rolex ta dala 75,000, mujallar Time ta Amurka kuma ta sa tukunyar cikin fitattun ƙirƙire-ƙirƙiren 2001. Dabarar ta bazu har Sudan, inda ake kiran ta zir. Ya rasu a 2010, Allah ya jiƙansa.

Ana yawan kiran ta firjin talaka, kuma sunan yana iya yaudarar mutum. Firji yana riƙe abinci a wajen digiri 4, tukunya biyu ba za ta taɓa zuwa nan ba, don haka ba wurin ajiye ɗanyen nama ba ce, kuma da damina ƙarfinta raguwa yake kamar na kowace randa. Abin da ta dace da shi shi ne tumatirin rani, wanda ke nuna daidai lokacin da iska ta fi ƙishirwa. Firjin ma, in an bi salsala, jikan randa ne. A cikin bututunsa wani ruwan sinadari ne ke zama tururi yana jan zafi, sai inji ya kama tururin ya matse shi ya koma ruwa, zafin ya fita ta baya. Malamin Joseph Black, William Cullen, tun a tsakiyar shekarun 1750 ya nuna wa mutane 'yar ƙanƙara da ya samar ta hanyar mayar da ruwan sinadari tururi. Bambancin kawai, firji ba ya barin 'yan cin raninsa su ɓace, da kuɗin wuta yake dawo da su.

Wani abu guda da randa ba ta yi shi ne tsarkake ruwa. Sanyi daban, tsabta daban, kuma moɗar da kowa ya kafa wa baki ya mayar ciki ta sha raba gudawa a gida guda. Gwaggo moɗa biyu take ajiyewa, ta ɗiba da ta sha, kuma wanda ya haɗa su ya san sauran.

Bayan randar shuɗi ta koma ta dusa, an sayo wata. Da ita na ga abin da sai da na girma na gane. Wajen ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu, akwai kwanakin da gari ke yin wani irin gumi mai nauyi, dare ya ƙi sanyi, yara su fito da ƙurajen zafi. Iskar arewa ta janye ke nan, ta kudu maso yamma ta fara isowa daga Tekun Atilantika ɗauke da danshi, tun kafin a ga hadari ko ɗaya. Wata safiya a irin kwanakin nan Gwaggo ta ɗebi ruwa ta kurɓa, ta juya shi a baki, ta shafa bayan randa ta duba tafin hannunta. Ta ɗaga kai ta dubi saman kukar bayan gida, inda shamuwa biyu suka sauka tun shekaranjiya. Sannan ta ƙwala wa yayanmu kira.

"Kai mai fenti! Je ka gaya wa babanku randa ta daina sanyi. A sauko da irin gero daga rumbu, a duba sungumi."